Run ba gudu kaɗai ba ne, kowa ya kawo inda ya ci karo da ita

Malam Sani: Salamu alaikum jama'a. Ina koyar da turanci a ƙaramar sakandare kuma abin na damuna, tun firamare an cusa wa yara cewa run gudu ne shikenan, sai su ga she runs a shop su ce wai matar ta gudu ta bar shago alhali ita ke tafiyar da shagon. Don Allah kowa ya kawo misali daga wurin aikinsa in kai musu aji.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam Malam. Mu a asibiti kullum muna jinta, likita ya ce za a yi run ɗin test sai ka ga hankalin mai jinya ya tashi ya ɗauka abin gaggawa ne, alhali gwajin jini kawai za a yi. Runny nose kuma yoyon majina. Wadda ta fi min daɗi running stomach, don mu ma gudawa muke cewa, ita wannan ba sai na yi wa kowa dogon bayani ba.

Oga Bala Bakanike: A gareji in an ce leave it running to ka bar inji a kunne, mota na tsaye ko motsi ba ta yi. In kuma mai ya ƙare sai mai mota ya ce I ran out of fuel. Yarana da kunne suka koya ba da littafi ba.

Ɗan Maradi: Ni da faransanci na yi karatu, a labaran zaɓenmu na Fabrairun 2021 na fara ganin run-off, Bazoum da Mahamane Ousmane, ashe zagaye na biyu ake nufi. Sai a 2023 ina ta jin Shettima running mate ɗin Tinubu ne wato abokin takara.

Hafsat: Malam ba laifin ɗalibanka ba ne wallahi, masu ƙamus na Oxford da suka sabunta kalmar a 2011 sun lissafa mata ma'ana 645, fi'ilin kaɗai fa. Ka riƙa ba su ita cikin jimla, su duba abin da ke biye da ita, out, into, over, nan ma'anar ke juyawa.

Malam Sani: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Oga Bala gobe da naka zan fara. Masu kwamfuta har yanzu muna jiranku.