Yara sun iya rawa, amma da an kawo makaɗi sai su daskare

Malamar Gyallesu: Assalamu alaikum. 'Yan firamare ne, shekara 6 zuwa 9, ana shirya su don ranar al'adu. A aji suna taka rawar daidai, amma da mai kalangu ya shigo sai su tsaya suna kallon ƙasa. Me ya kamata a riƙa yi kafin a fara atisaye?

Ɗan Samaru: Wa'alaikumus salam, Malama. Yaro yana tsoron abin da bai san zuwansa ba. Ki ware minti 10 na farko, kuma tsarin kada ya canza ko sau ɗaya: fitsari, kurɓar ruwa, ɗaura zani ko ɗamara, sannan kowa ya tsaya a kan alamarsa. Ki zana alamar da alli, ko toka idan a fili ne. Sai minti 3 na juya wuya, kafaɗa, ƙugu da idon sawu. Daga nan tafi kawai, kamar na gaɗa, ƙafa na bin tafin. Kalangu ya shigo a ƙarshe, a hankali, a kan wannan tafin. Sautinsa yana hawa yana sauka yayin da makaɗi ke matse tsarkiya, wannan ne ke rikita yaron da ya saba da ƙirgen baki.

Uwar Ɗaki: Malama, a kula da kayan rawa. Akayau, wato ƙarafan da ake ɗaurawa a ƙafa, yana da nauyi da ƙara, kuma yana goge fata. A fara ɗaura shi mako 2 kafin ranar, da tsumma a ƙarƙashi. Zani kuma a haɗa da igiya, don yarinyar da ke fargabar kwancewarsa ba za ta ɗaga hannu ba. Lokacin hunturu a yayyafa wa filin ruwa saboda ƙura.

Baba Makaɗi: Ɗan Samaru, na yarda, sai dai kada a bar makaɗi sai ƙarshe kullum. Ya zo da wuri, ya zauna ƙasa, yara su taɓa kalangun. A zaɓi kiɗa ɗaya na farawa, ɗaya na tsayawa, ba a sauya su. Mai kunya kuma layi na biyu, kusa da ƙawarta. A gaba idanu sun yi mata yawa, a can baya ba ta jin kiɗan sosai.

Malamar Gyallesu: Na gode. Baba, 'yan kallo fa?

Baba Makaɗi: Ki fara da aji ɗaya na ƙannensu, 'yata. Malamai su biyo baya, iyaye a ƙarshe.