Injin yankan itace yana tashi da cok, amma da an ba shi wuta sai ya mutu

Ɗan Dakace:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani. Tsohon injin yankan itace ne mai sarƙa, irin wanda ake haɗa wa fetur da man 2T. Ya yi damina guda a ajiye da mai a tankinsa. Yanzu yana tashi idan an ja cok, ya ɗan yi silo, amma da an matsa totur sai ya shaƙe ya mutu. Idan cok na rabi yakan ɗan jure. An sa sabon fulogi, wuta na zuwa. Wani ya ce in kwance sukurorin kafireto in ƙara masa mai. In taɓa su, ko akwai abin da zan fara dubawa?

Bakanike Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa su tukuna. Tunda rabin cok na riƙe shi, mai ne ba ya isa: cok yana rage iska ne har ta yi daidai da ɗan man da ke shigowa. Sukuru ba ya kwancewa da kansa saboda inji ya daɗe a ajiye, hanyar mai ce ke lalacewa. Bi ta daga tanki.

Zubar da tsohon man nan duka. Fetur idan ya daɗe, mai sauƙin cikinsa ya bi iska, saura ya zama danƙo. Lanƙwasa waya ka zaƙulo matatar da ke bakin tiyo a cikin tanki. Idan ta yi baƙi ko ta yi tauri, canza ta, wanki ba ya mayar da ita. Sai tiyon kansa: ja shi a hankali, ka duba inda ya ratsa bangon tanki, nan ya fi tsagewa. Tsaga kamar gashi ta isa ya riƙa zuƙo iska maimakon mai. Wani kuma laushi yake yi, ya manne idan inji ya ja da ƙarfi.

Akwai kuma mashaƙar iskar tanki, wadda ƙurar hunturu da garin katako ke toshewa. Gwajin ba wuya: da zarar ya mutu ka sassauta murfin tanki. Idan ka ji ya yi tsaki iska ta shiga, sannan ya tashi lafiya, ita ce.

Mai Zarto Samaru:
Maganar Oga haka take, sai dai injin da ya yi damina da mai a ciki da wuya kafiretonsa ya tsira. Irin wannan kafireton ba shi da kwanon mai kamar na babur, fatu biyu ne ke aikin. Ta farko ita ce famfo, numfashin ƙasan fistan ke kaɗa ta. Ta biyu, mai ɗan ƙarfe a tsakiya, ita ke danna ɗan hannun da ke ɗaga allura mai ya shiga. Riƙe ta a yatsa: idan tana ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye, ta gama aiki.

A jikin kafireton za ka ga suna, galibi Walbro, Zama ko Tillotson, da lamba. Da lambar nan ake sayen saitin fatu, ko ka ɗauki kafireton gaba ɗaya zuwa wajen masu kayan gyara a gwada. Wajen mayarwa ne mutane ke kuskure. A ɓangaren famfo fata ce ke kwanciya a jikin kafireto, gaskit a bayanta. A ɓangaren allura gaskit ne farko, sannan fata. Ka juya su, inji ba zai yi daidai ba.

A ƙarƙashin murfin famfo akwai 'yar raga ƙarama, nan danƙo ke taruwa. Wanke ta da fetur mai tsabta ko man feshin kafireto. Kada ka zura waya a ƙananan ramukan, kuma kada ka kai wa mai faci ya hura da iskar taya, tana fasa ɗan bawul ɗin ciki. Ka kula da sifirin ɗin allura, idan ya yi tsalle cikin ƙasa ba ka ƙara ganinsa.

Ɗan Dakace:
Na gode, Allah Ya saka. Tiyon a tsage yake, fatar allura kuma ta bushe. An canza duka, yanzu yana karɓar wuta. Amma silo ya yi sama, sarƙa na juyawa da kanta, kuma idan na kwantar da shi gefe ƙararsa na canzawa.

Bakanike Sabon Gari:
To dakata da aiki da shi, wannan alamar ta fi ta farko haɗari. Inji ya canza murya don an karkata shi, yawanci iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba: oyil sil na karanshaf, ko robar da ke tsakanin kafireto da silinda, ko ɗan tiyon da ke kai numfashi ga famfo. Ka tuna man da ke shafa fistan a cikin fetur yake. Iska ta yi yawa, shafawa ta ragu, zafi ya ƙaru, fistan ya goge. Cire salansa ka leƙa, idan akwai zane a tsaye a jikin fistan, ɓarna ta fara. Hanyar gano inda iska ke shiga ita ce a toshe bakin kafireto da na salansa, a hura iska cikin injin da matsi kamar bar 0.5 a ma'aunin iska, a shafa ruwan sabulu a ga inda ke kumfa.

Sai an toshe wannan za a zo kan sukurori. Ɗaure sukuru mai alamar H (na mai a cikakkiyar wuta) da mai alamar L (na mai a ƙaramar wuta) a hankali har su zauna, ban da matsewa, sannan ka kwance kowanne zagaye 1. Wanke matatar iska, bari ya ɗumama. Gyara L har ya karɓi totur ba tare da jinkiri ba, sannan ka rage na silo, mai alamar T ko LA, har sarƙa ta tsaya cik. A cikakkiyar wuta ba tare da itace ba, so ake ya ɗan yi gurnani, idan ya shiga itace murya ta washe. Idan yana ƙara siririya kamar kuka, kwance H kaɗan.

Mai Zarto Samaru:
Ƙari kan haɗin mai: 50:1 shi ne mililita 20 na 2T a lita 1 ta fetur, idan 2T ɗin mai kyau ne. Tsofaffin injuna da yawa 25:1 aka rubuta musu, wato mililita 40. Auna da sirinji, ban da murfin gora, ban da baƙin man mota. Idan za a sake ajiye shi, juye tanki ka tayar da shi har ya mutu da kansa.