Don Allah a taimaka da Hausar external hard drive kafin Asabar

Mai Shirin Asabar: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shiri a rediyo ranar Asabar da yamma, kuma tambayar da masu sauraro suka fi aikowa ita ce: sun jona abin nan na ajiyar hotuna da bidiyo a jikin kwamfuta, fitilarsa ta kama, amma kwamfuta ba ta nuna shi ba. Ina neman sunan abin, da yadda zan ce kwamfuta ta yi detecting, da kuma format. Ranar Juma'a da safe zan miƙa rubutun.

Mai Gyara a Farm Centre: Wa alaikumus salam Hajiya. Mu a kasuwa hadis muke cewa. Na ciki hadis, na waje hadis na waje, ƙaramin na aljihu fulash. Ban taɓa ganin wanda ya ɓata ba.

Uwar Biyu: Hadis a rediyo? Tsohuwa ta ji an ce hadis ɗinka ya lalace a wanke shi, ai sai ta kira gidan rediyon da kanta. Faifan ajiya na waje ya fi. Tunda muka saba da faifan garmaho da faifan CD, kunne ba zai yi baƙunta ba.

Malamin Harshe: Subhanallah. Hadis! Harshen da ya haifi jirgin sama da jirgin ƙasa da linzamin kwamfuta ne za a ce ya rasa sunan akwatin ajiya? Na daɗe ina koya wa ɗalibaina rumbun goyo. Rumbu domin ana zuba abu a ciki a ɗebo in an buƙata, goyo domin ba jikin kwamfutar ba ne, ɗora mata shi ake yi, kuma daga jikinta yake shan wuta.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar diski dur muke ji, ƙaramin kuwa kile, daga Faransanci. In shirin yana tsallaka iyaka, faifai ne zai fi zama mana. Hadis dai ba mu san shi ba sai na Annabi, sallallahu alaihi wasallam.

Mai Gyara a Farm Centre: Allah gafarta Malam, goyon naka bai kama duka ba. Ƙananan masu inci 2.5 ne ke shan wuta ta igiyar USB. Manyan masu inci 3.5 suna da tasu cajar ta volt 12 da ake sakawa a bango. Wannan ai ya yaye. Kuma Hajiya, nan ne rabin matsalar masu sauraronki take. Tsohuwar kafar USB 2.0 miliamp 500 take bayarwa, ta 3.0 mai launin shuɗi a ciki 900. In wuta ta yi masa kaɗan fitila za ta kama, ka kara kunne ka ji yana ƙas, ƙas, ya tashi ya tsaya, kwamfuta kuwa shiru. Ki ce su canza igiya tukuna, su bar kafofin gaba na babbar kwamfuta su koma na baya.

Malamin Harshe: Yaron da aka yaye ma ana goya shi. Kalmar tana nan daram.

Ɗalibar Kimiyya: Malam, matsalar rumbu ita ce an riga an ba shi aiki. Rumbun bayanai a labarai shi ne database. In aka ƙara wani rumbun za a cakuɗa. Shi kuma faifai gaskiya ne a cikin abin, domin akwai faifan ƙarfe ko gilashi da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da hannu siriri da ke karantawa a kansa. Na farko da IBM ta fitar a 1956 faya-fayai 50 ne a jere, kowanne faɗin inci 24.

Malamin Harshe: Madalla da kika kawo wannan, 'yata. To SSD fa, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa? Faifan me za ki kira shi? Rumbu bai damu da juyi ba.

Uwar Biyu: Har yau muna cewa an fitar da faifan bidiyo, alhali a WhatsApp aka turo shi, ba wanda ya taɓa faifai da hannu. Suna yakan rayu bayan abin ya wuce, Malam.

Malamin Harshe: Abin da ke damuna ke nan. Mun bar kasuwa tana yi mana ƙamus. Bature Bargery ya zauna ya tara kalmominmu ya buga a 1934, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, mu kuma jikoki muna alfahari da hadis da fomatin. Wanda bai zauna ajin nahawu ba ya kamata ya saurara in ana maganar ƙirƙirar kalma.

Mai Gyara a Farm Centre: To. Ni dai ban zauna ajin ba, amma da Hausa nake cin abinci daga safe zuwa dare. Na'ura mai ƙwaƙwalwa da kuka ƙera, nawa ne suka shigo shagona suka ce ita ce ta lalace? Kowa kwamfuta yake cewa. Ku ƙera a jami'a, mu sayar a kasuwa, a ga wadda za ta kwana.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ke ba ni dariya, da Malam da mai gyara duk Kano suke nufi in sun ce Hausa. Daga Maraɗi zuwa Damagaram mu ma da ita aka yi mana huɗuba.

Bazazzagi: An fara. Kowace muhawara a gidan nan sai ta ƙare a Kano.

Mai Shirin Asabar: Don girman Allah a dawo. Suna ɗaya ne cikin uku, kuma shi ne mafi sauƙi, tunda zan iya kwatanta abin. Sauran biyun fa?

Ɗalibar Kimiyya: Anti, detecting ɗin abu biyu ne, kuma Hausa ta riga ta raba su: gani da buɗewa. Wani lokaci kwamfuta ba ta gan shi ba sam, wannan wuta ce ko igiya ko kafa. Wani lokaci ta gan shi amma ta kasa buɗe shi. A Windows a danna maɓallin Windows da X tare, a shiga Disk Management. In yana cikin jerin, to ta gan shi. Sau da yawa harafi kawai ya rasa, irin C ɗin da na ciki ke da shi, sai a ba shi E ko F ya fito. In kuma a Mac, wato kwamfutar Apple, aka tsara shi da tsarin ajiyar fayil nata mai suna APFS, Windows ba ta iya karanta shi. Mac kuma tana karanta tsarin NTFS na Windows amma ba ta rubutu a kai. Mai yawo tsakanin biyun tsarin exFAT ne ya dace da shi, domin tsohon tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4.

Malamin Harshe: Gani da buɗewa. Wannan kam Hausa ce, ba ni da ja. Format kuma tsarawa ne, ko shiryawa, shi ne ainihin ma'anarsa.

Mai Gyara a Farm Centre: A'a Malam, nan ba zan yi shiru ba, ba don musu ba. In kwamfuta ta kasa karanta shi takan fito da ƙaramin saƙo cewa sai an yi format kafin a yi amfani da shi. Mutum ya ji a rediyo an ce tsarawa, zai ɗauka gyara masa za a yi, ya danna. Wata baiwar Allah ta zo mini da hotunan bikin 'yarta haka, da aikin digirin ɗanta a ciki. Wasu muka ceto, wasu sun tafi. Kalmar sai ta tsorata mutum. Mu wankewa muke cewa.

Uwar Biyu: Wankewa ma tana da daɗin ji, kamar za a cire datti ne kawai. Shafewa. A shafe shi kaf.

Malamin Harshe: Shafewa sakamako ne, ba aikin ba ne. Amma na ji hujjar. A ce shafewa da sake tsarawa, a haɗa biyun.

Mai Shirin Asabar: Na gode, Allah ya saka. Ga abin da na rubuta: faifan ajiya na waje, wanda a kasuwa ake kira hadis, zan faɗi wannan sau ɗaya a farko. Kwamfuta ta gan shi, ko ta gan shi ta kasa buɗewa. Format kuma shafewa kaf, tare da gargaɗin kada a danna sai an kwashe abin da ke ciki.

Malamin Harshe: Kin yar da sake tsarawa, kin yar da rumbun goyo. Ba komai. Shirinki ne. Ni a ajina rumbun goyo ne, kuma shi zai fito a jarrabawa.

Ɗan Damagaram: Hajiya, in da sauran daƙiƙa biyu ki saka diski dur saboda mu.

Mai Shirin Asabar: Zan gani, minti 12 kawai aka ba ni.