Za mu fara nuna tsofaffin finafinai a unguwa: mu sayi majigi ko mu riƙa haya?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum jama'a. Fadarmu ta samu aron wani babban zaure a unguwa, kowace Asabar bayan isha'i. Muna son mu riƙa nuna tsofaffin finafinan Nijar, irin na Oumarou Ganda da Moustapha Alassane, da na matasan da ke yin nasu da kuɗin aljihunsu. Jika 150 ne a asusunmu. Mu sayi majigi na hannu ko mu riƙa haya? Kuma mu karɓi kuɗin ƙofa ko kyauta? Zauren akwai kuran, akwai benci, bangon fari ne tas.

Mai Gurub: Wa alaikumus salam. Ku fara neman benci da farin ƙyalle tukuna.

Ɗan Bagalam: Yaya, ai na ce akwai su.

'Yar Mokoyo: Ku sa ƙwallo kawai, zaure ya cika.

Baba Sabon Gari: Yaro, zauna ka ji. Ni na yi wannan abin, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mu uku muka haɗa kuɗi, nawa kason na adashin uwargida ne, na ce mata wata biyu zan maido. Muka sayi majigi daga hannun wani da ya rantse sabo ne fil. Daren farko mutane sun cika har bakin ƙofa, don kyauta ne. Mako na biyu muka sa dala ashirin, sai yara da masu tallan gyaɗa suka rage, su ma ta taga suke leƙe. Ana tsakiyar fim wuta ta ɗauke, muka tada gurub ɗin aro ba regilata, na ji ƙas, sai ƙauri. Mai gyara ya buɗe, ya nuna mini cikinsa cike da ƙurar hunturu, ya ce ƙwan ma dama ya kusa mutuwa. Abokan nawa biyu suka zame, ɗaya ya ce shi dama shawara ya bayar. Daga baya wani maƙwabci ya kai ƙararmu wurin mai unguwa, wai muna tara samari da 'yan mata cikin duhu, alhali fitila biyu muke kunnawa a baya, mata kuma gefensu daban. Akuyata biyu na sayar na biya adashin. Majigin yana nan ƙarƙashin gado, in kana so zo ka ɗauka.

'Yar Mokoyo: Baba, Hajiya ta yafe ko har yanzu ana shari'a?

Baba Sabon Gari: Ke dai bari, 'yata.

Mai Gurub: Haya jika 10 ce dare ɗaya, har da lasifika.

Na Zariya: Jika 10 a ina? Watan jiya muka ɗauka don walima, jika 25 muka biya, man gurub kuma namu. Na hannu mai kyau ba ya kasa jika 120.

Mai Gurub: An cuce ka ne. Ƙanena ya sayo a Katsina, bai kai jika 60 ba in ka juya naira.

Na Zariya: Irin ƙaramin nan da sai an kashe kowace fitila a unguwa kafin a ga fuskar mutum? Haskensa za a duba, ba arha ba.

Mushen Lakwal: Duk kun bar babbar matsala. Fim ɗin kansa ina za ku same shi? Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame, amma zaga kasuwar Maradi kaf ka ga ko mai tura finafinai a waya ya san sunansa. In kun samu ma, da Zabarmanci ake magana, fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoton kuma da Faransanci. Na taɓa nuna wa ɗalibaina Cabascabo, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin Indocin ya ƙarar da kuɗinsa, sai da na tsaya gefe ina fassara da baki. Nan ne suka natsu, har da gardama bayan an gama. Ku nemi mai baki da zai riƙe makirfo. Ku fara da fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, na 2021, Hausa ake yi a ciki, kan matasan unguwar Kara-Kara ta Damagaram. Amma ku nemi izinin mai fim, ku kuma leƙa BNDA, ofishin Nijar mai kula da haƙƙin mallaka, ko da kyauta za ku nuna.

Na Zariya: Wazzou ɗin nan ba shi ne na Alhajin da ya dawo Makka ya ƙaro ta uku ba? A Maradi za ku nuna shi? Alhazan layin gaba za su tashi tun kafin a kai rabi.

Baba Sabon Gari: Mushe, da girmanka, aji daban, unguwa daban. Ɗalibi dole ya zauna. Wanda bai taɓa asarar ko dala a harkar nan ba ya bar mu mu yi magana.

Mushen Lakwal: Baba, asara ba ta mai da mutum gwani. Regilata ce ba ku saya ba. Masu sinimar yawo ta CNA ƙauye-ƙauye suke bi da gurub da majigi, suna nuna finafinan Afirka kyauta, jama'a na cika fili.

Baba Sabon Gari: Su masu tallafi ne daga waje. Wa zai tallafa wa fadar shayi?

Ɗan Bagalam: Na gode iyayena, amma har yanzu ban ji ba: saye ko haya?

'Yar Mokoyo: Ƙanena, kafin nan, zauren an rubuta muku a takarda? Ƙungiyarmu ta mata an ba mu wani da baki don koyon ɗinki, ranar da masu biki suka zo da kuɗi sai muka tarar da kekunanmu a waje cikin rana. Asabar fa kuka ce, ranar biki.

Na Zariya: Wallahi bikin nan ya ishe mu. A layinmu titi suke tarewa da tanti, ko ɗan kabu-kabu sai ya zagaya, kiɗa har ƙarfe biyu na dare, kuma ba wanda ya taɓa kai su ƙara wurin mai unguwa.

Baba Sabon Gari: Ka ji fa! Maƙwabcin nan da ya kai ni ƙara, da ya tashi aurar da 'yarsa kwana uku ba mu runtsa ba.

Mai Gurub: Ni na ba su gurub a bikin nan, Baba. Har yau da sauran jika 5 ɗina a wurinsa.