Muhawara: Shin Musa bin Maimun ya ɗora falsafa a kan Attaura?

Mai tambaya: Ana cewa Musa bin Maimun, malamin Yahudawan nan da ya rasu a Masar a 1204, ya fifita Aristotal, masanin falsafar Girka, a kan Attaura. Gaskiya ne?

Malamin tarihi: Ban yarda ba. Duba tsarin karatun da ya shimfiɗa a Mishne Tora, kundinsa na dokokin addinin Yahudawa. Mai sana'ar da ke aiki awa 3 yana karatu awa 9, ya kasa karatun gida uku: nassi, dokokin da aka karɓa baki da baki, sai zurfafa bincike. Ilimin halitta da sanin Ubangiji a kason ƙarshe ya sa su, da sharaɗin sai mutum ya ƙoshi da sanin halal da haram tukuna.

Ɗalibar falsafa: Allah gafarta Malam, ai nan gizo ke saƙar. Ya mayar da su cikin karatun addini kansa. A littafinsa na falsafa, Dalalatul Ha'irin, ma ya jera matakai: mandiƙi, lissafi, ilimin ɗabi'a (wato ilimin halitta), sannan ilahiyya (wato sanin Ubangiji). Wanda ya tsallake guda zai ji nassi ya ambaci hannun Ubangiji ya ɗauka jiki ne.

Malamin tarihi: Amma da aka zo kan farin duniya fa? A kashi na 2, babi na 25 na wannan littafin, ya ƙi maganar Aristotal cewa duniya ba ta da farko.

Ɗalibar falsafa: Saboda yana ganin hujjar ba ta kai yanke shakka ba. Ya kuma ce ƙofar tawili ba a rufe take ba. Wannan magana mai nauyi ce.

Mai nazarin falaki: Ku duba aiki a ƙasa. Kalandar Yahudawa na lissafa wata da kwana 29, awa 12 da sassa 793 cikin 1,080 na awa, ana ƙara wata 7 a kowace shekara 19. Ba don ƙarin ba, da Idin Ƙetarewa ya bar bazara. Bin Maimun ya faɗa a fili cewa lissafin ganin wata daga littattafan Girkawa yake, kuma idan hujja ta tabbata ba a duban mai ita.

Malamin tarihi: Falaki ba shi ya tayar da ƙura ba, 'yar'uwa ta fi kusa da wurin. Tawilin ne. A 1305 malaman Yahudawa na Basalona da ke Sifen, ƙarƙashin Sulaiman bin Adret, suka hana wanda bai kai shekara 25 ba karanta ilimin ɗabi'a da ilahiyyar Girkawa, suka togace likitanci. Kukansu shi ne wasu masu wa'azi sun fara cewa Ibrahim da Saratu alamu ne kawai na sura da madda, wato siffar abu da abin da aka yi shi da shi.

Ɗalibar falsafa: To, Malam, laifin littafin Bin Maimun ne ko na masu wa'azin da suka tsallake matakan?