Kwana biyu a Paris: ita zane ya kai ta, ni cikina nake bi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da uwargida za mu shiga jirgin ƙasa daga Brussels zuwa Paris ranar Asabar da safe, mu dawo Lahadi da dare. Ta rubuto min gidajen adana zane-zane har biyar a takarda, Louvre a sama. Ni kuwa gaskiya abincin garin nake son ɗanɗanawa. Ya za mu raba lokacin kada a dawo gida ana fushi? Kuma me mutum zai ci hankali kwance?

Wata 'yar'uwa: Wa alaikumus salam. Malam, ka lallaɓa ta ta soke biyu. Louvre kaɗai abin da aka baje a ciki ya kai 35,000, ko wuni kuka yi ba za ku ga rabi ba. Ku sayi tikiti ta intanet mai ɗauke da lokacin shiga, ku nufi ɓangaren Denon, nan shahararren zanen Mona Lisa yake. Kada ka yi mamaki, ƙarami ne, tsawonsa santimita 77 kacal, yana bayan gilashi, ga jama'a kowa ya ɗaga waya. Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ke fuskantarsa, zanen bikin aure na mai zane Veronese, faɗinsa ya kusa mita 10, amma kowa ya juya masa ƙeya. Daga nan ku sauka sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, can babu turereniya. Awa uku ku fito, ƙafa ma za ta ce ya isa.

Wani ɗan'uwa: Ni da ni ne Orsay zan fara. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce ta 1900 da aka mayar gidan zane a 1986, har yanzu katon agogon yana nan. Zane-zanen Van Gogh da Monet duk suna ciki, kuma mutum na iya zagaye shi bai galabaita ba. Ku tsallaka gadar ƙafa ta kogin Seine, ga gidan zane na Orangerie, inda zane-zanen furannin ruwa na Monet guda 8 suka kewaye ɗakuna biyu. Ko kai mai bin ciki sai ka zauna ka yi shiru.

Wata dattijuwa: Ɗana, kowa ya manta da tambayarka ta biyu. Yawancin gidajen abinci daga 12 zuwa wajen 2 da rabi suke sayar da na rana, sai su rufe kicin har 7 na yamma. In kuka daɗe a gidan zane, biredi za ku ƙare da shi. Na rana ya fi araha, kuma ruwan famfo a tulu kyauta ne in ka nema. Ka lura da kalmomi biyu, "jambon" da "lardons", duk naman alade ne. Shahararren farfesun naman sa da suke kira bourguignon kuma da giya ake dafa shi. Kifi, ƙwai, cuku da kayan gidan biredi ba matsala, amma a tambaya game da romon. Lahadi da rana ku je kasuwar Enfants Rouges, tun 1615 take ci, akwai masu kuskus na Maroko. Babban Masallacin Paris ma, wanda aka buɗe a 1926, yana da wurin shan shayin na'ana'a, ku yi sallah ku huta.

Wani kuma: In Pompidou na cikin takardar, a goge, a rufe yake ana gyara.

Mai tambaya: Yana ciki kuwa, na huɗu! Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Mama, na karanta mata amsarki, ta yarda da Louvre ranar Asabar, Orangerie da Orsay Lahadi da safe, sai kasuwa. Sharaɗinta ɗaya, wai ni zan riƙe jaka.