An ba ni riƙon laburare, amma ba a koya min riƙon mutane ba

Sabuwar Shugaba ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan ɗakunan karatu.

Wata 4 ke nan da aka ba ni riƙon wani reshe na laburaren jama'a. Kafin nan shekara 11 na yi a sashen katalog, inda ake rubuta bayanan kowane littafi, daga ni sai littattafai da lambobin Dewey, waɗanda ake jera littattafai da su bisa fanni. Idan aka ajiye sabon littafi a gabana, kafin na gama duba shafukan farko na san ko gidansa 630 ne wajen noma, ko 610 wajen kiwon lafiya. Wannan aikin na iya shi, kuma saboda shi aka ɗaga ni. To amma kujerar da nake kai yanzu aikinta daban ne, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya min shi.

Mutum 7 ne a ƙarƙashina. Abin da ya fi damuna shi ne na kasa sakin aiki. Idan matashin da ke shigar da bayanan littattafai ya yi kuskure, maimakon na kira shi, sai na jira kowa ya tashi na zauna na gyara da kaina. Ranar Alhamis da ta wuce sai da na gyara shigarwa 23, na isa gida a gajiye, rahoton wata kuma da ake jira daga hedikwata ban ko fara shi ba.

Sai maganar wani dattijo a cikinsu. Shi ya koya min jera littattafai a kanta ranar da na fara aiki, kuma Baba nake kiransa har yau. Shi ke kan teburin ba da aro. An kawo mana manhaja ta aro da mayarwa, amma shi har yanzu a babban littafin rijista yake rubuta komai da biro. Saboda haka kwamfuta tana cewa littafi yana kanta, mai karatu ya je ya duba bai gani ba, ashe yana hannun wani tun makon jiya. Sau biyu na buɗe baki zan yi masa magana, kunya ta hana ni.

Ana cikin haka hedikwata ta aiko cewa akwai gurbin mutum ɗaya a wani taron bita na kwana 5. Kowa yana so. Ni ma ina so, don ni ce na fi kowa jin ƙarancin sani a yanzu.

Don Allah waɗanda suka riga ni hawa wannan kujera, ta ina kuka fara? Wa zan tura? Kuma da wane baki zan gyara wa wanda ya raine ni a aiki?

Ɗan Fansho ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya taya ki riƙo.

Na yi shekara 9 a irin kujerarki kafin na ajiye aiki, kuma shekarar farko kusan duk ta tafi a abin da kike yi yanzu, wato zaman dare ana gyaran aikin wasu. Shigarwa 23 ɗin nan da kika gyara, littattafan sun gyaru, amma yaron da ya yi kuskuren bai san ya yi ba. Gobe zai sake 23. Kin hana shi koyo, kin hana kanki barci, rahoton da ke kaɗai za ki iya rubutawa kuma yana nan a ajiye. Ki fitar da biyar daga ciki, ki zauna kusa da shi a gaban kwamfutarsa, shi ya riƙe madannai, ke kina nuna masa. Za ki tarar yawancin kuskuren iri biyu ne ko uku yake maimaitawa, watakila wajen rubuta sunan marubuci, watakila wajen zaɓar lamba idan littafi ya haɗa fanni biyu. Sauran 18 ɗin ki bar masa ya gyara ya kawo miki. Mako biyun farko aiki zai yi nawa, ki daure.

Maganar Baba ita ce mai nauyi, kuma na ji daɗi da kika ce kunya ce ta hana ki, ba tsoro ba. Kada ki jefar da kunyar, ita za ta sa ki zaɓi kalmomi. Amma kada ki bari ta zama shiru, don shirun nan mai karatu ne yake biyan kuɗinsa da lokacinsa. Ranganathan, malamin laburare na Indiya, a cikin dokokinsa 5 da ya fitar a 1931, ta huɗu ita ce a tattala lokacin mai karatu. Mutumin da ya baro harkokinsa ya zo, kwamfuta ta ce littafi yana nan, ya yi ta lalube a kanta bai samu ba, an karya masa wannan doka, kuma da wuya ya dawo.

Ni ma na yi da wani irin Baban naki. Na daɗe ina zaton taurin kai ne. Ranar da na zauna da shi mu biyu, bayan an tashi, sai ya gaya min gaskiya: sau ɗaya ya gwada manhajar a gaban jama'a, ya danna abin da bai kamata ba, wata ƙaramar ma'aikaciya ta yi dariya. Daga ranar ya rantse a ransa ba zai sake ba da kansa ba. Shekara 30 ana zuwa wajensa tambaya, yau kuma a ce shi ne ɗan koyo a gaban jikokinsa.

Saboda haka kada ki yi masa magana a taron ma'aikata, kuma kada ki fara da takarda. Ki same shi shi kaɗai. Ki fara da abin da yake gaskiya, cewa shi ya koya miki aikin nan. Sannan ki kawo masa misali guda, da sunan littafin da ranar da mai karatu ya nema bai samu ba. Ki tambaye shi me yake ba shi wahala a na'urar, ki saurara har ya gama. Koyarwar kuma ki yi ta da kanki, da safe kafin a buɗe ƙofa, minti 20 kullum, ba da 'yan kallo ba. Abu biyu kawai yake bukata da farko: fitar da littafi da karɓarsa. Idan yana so ya ci gaba da rubutu a rijistarsa na wata ɗaya, ki ƙyale shi ya haɗa biyun, amma ki sa ranar da za a rufe rijistar, ki gaya masa ita a fili.

Sannan ki nemi wani abu a wajensa. Mutumin da ya daɗe a teburin aro ya san masu karatu fiye da kowane rahoto. Ya san wanda ke jan littafi wata uku, ya san wanda ke jin nauyin cewa bai iya duba katalog ba. Ki ba shi ranar da zai koya wa matasan wannan. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mai Kula da Na'urori ya amsa:

Yaya, barka da ƙoƙari. Baba Ɗan Fansho ya gama maganar mutane, ni zan taɓa ta horo da kuɗinsa.

Shawarata kada ki ɗora duk burinki a kan gurbin nan guda. Kwana 5 ne, mutum ɗaya ne. Horon da zai canja reshenki shi ne wanda ake yi a cikin gida kowane mako. A wajenmu mun ware awa ɗaya ranar Laraba kafin buɗewa, kowane mako mutum ɗaya yake koyar da abu ɗaya da ya iya. Har mai gadi ya taɓa koya mana yadda ake amfani da tukunyar kashe gobara, kuma cikinmu babu wanda ya taɓa cire mata fil kafin ranar.

Akwai kuma kayan koyo da ba a biyan komai. Shafin intanet na WebJunction, wanda OCLC, wata ƙungiyar haɗin gwiwar ɗakunan karatu, ke gudanarwa, yana da kwasa-kwasai na kyauta ga ma'aikatan laburare, har da na sababbin shugabanni. IFLA, ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, tana sa ƙa'idojinta a intanet kowa ya sauke. Ki nemi sanarwar IFLA da UNESCO kan laburaren jama'a, wadda aka fara fitarwa a 1949 aka sabunta a 2022. Gajeriya ce, za ku iya karanta ta tare a zama ɗaya ku yi muhawara a kai. Idan manhajarku Koha ce, littafin jagorarta kyauta ne, kuma masu amfani da ita suna amsa tambayoyi a zaurukansu. Wani laburaren jama'a ne a New Zealand ya sa aka ƙirƙire ta a 1999.

Idan za ki rubuta wa hedikwata neman kuɗin horo, kada ki ce kawai ma'aikata suna bukata. Ƙa'idojin IFLA na laburaren jama'a sun ba da shawarar a ware tsakanin rabin kashi 1 zuwa kashi 1 cikin 100 na kasafin laburare don horar da ma'aikata. Ki ɗauko kasafinku ki lissafa, ki sa adadin a takardar. Ki haɗa da alƙalumanki: mutum nawa ke shigowa a rana, aro nawa aka yi a wata. Akwai wani lissafi mai sauƙi da zai taimake ki, ki raba yawan aron shekara da yawan littattafan da ke sashe, ki yi wa kowane sashe daban. Nan za ki ga inda littafi ke motsi da inda yake kwance. Amma fa lissafin ba zai yi daidai ba muddin rabin aron yana cikin rijistar Baba, wannan ma hujja ce da za ki nuna masa.

Game da gurbin, ni a ganina ke ya kamata ki je. Ke ce sabuwa a kujera.

Mai Sashen Yara ta amsa:

Ƙanina Mai Na'urori, na yarda da kai a komai ban da layinka na ƙarshe.

'Yar uwa, ki fara duba abin da za a koyar a bitar. Idan tsara kasafi ne da kula da ma'aikata, to naki ne, ki tafi ba tare da jin nauyin kowa ba, ki gaya musu dalili. Idan kuwa hulɗa da masu karatu ce ko amfani da manhaja, kada ki je. Na yi aiki a ƙarƙashin shugaban da kowace bita shi ne, ya dawo da jaka da takardar shaida, mu da ke fuskantar jama'a ko shafi ɗaya ba mu gani ba. Shekara 6 na yi ban fita ko sau ɗaya ba. Abin ya ci min rai ƙwarai, har na daina kawo shawara a taro. Ma'aikatanki suna kallon abin da za ki yi da wannan gurbi na farko, kuma ba za su manta ba.

Duk wanda ya je, ki sa masa sharaɗi tun kafin ya tafi: idan ya dawo zai koyar da sauran, kuma zai zaɓi abu ɗaya da za a gwada a reshen cikin wata guda. Ki buɗe takarda ki rubuta wanda ya je da ranar, ki manna inda kowa zai gani, don a san layi yana tafiya.

Akwai fasaha ɗaya da ba a cika tura kowa koyonta ba, ita ce yadda ake tambayar mai tambaya. Wata uwa ta zo min tana neman littafin dabbobi. Da na miƙa mata na farko da hannuna ya kai, da ta tafi. Sai na ce, na wa ne, kuma me ake so a yi da shi? Ashe ɗanta mai shekara 8 ne ba ya iya haɗa baƙi, tana jin kunyar faɗa, ta lura hoton dabbobi kaɗai ke sa ya zauna. Abin da take bukata littafi ne mai manyan haruffa da gajerun jimloli, kuma yana wata kanta daban. Irin wannan za ku iya gwadawa a awar da Mai Na'urori ya ambata, ɗaya ya zama mai karatu, ɗaya ma'aikaci. Ina kyautata zaton Babanki zai fi kowa iyawa.

Sabuwar Shugaba ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, na karanta amsoshinku fiye da sau uku.

Na duba takardar bitar da kyau, kan hidimar masu karatu ce da shirya wa yara da matasa zaman karatu. Don haka na ba wa yarinyar da ke karɓar baƙi a ƙofa, shekararta 4 a nan ba ta taɓa fita ba. Na sanar a gaban kowa, na faɗi dalili da sharaɗin, na manna takardar layi kamar yadda Yaya Mai Sashen Yara ta ce. Mutum ɗaya ya ɓata rai, na gaya masa sunansa ne na gaba.

Jiya da safe kuma na zauna da Baba. Na kai masa misalin littafin lissafi da wani ɗalibi ya zo nema sau biyu. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce min ba na'urar yake ƙi ba, rubutun allon ne ƙanana, idonsa ba ya gani sosai, kuma bai so yara su sani. Wata 4 ina ta saƙe-saƙe a kan abin da na gyara cikin minti ɗaya da ƙara girman haruffa. Ya fitar da littafi 3 da hannunsa kafin mu buɗe ƙofa. Mun yi da shi za a rufe rijistar ƙarshen wata mai zuwa.

Abin da ya rage min shi ne matashin katalog. Na ba shi 18 ɗin ya gyara, ya dawo da 11 daidai, 7 da sabon kuskure. Baba Ɗan Fansho, a irin wannan, sake zama zan yi da shi, ko na sa masa alama a kan bakwai ɗin na mayar masa ya gano da kansa?